Zuwan Erwan Gasar Nouméa

Zuwa ga Yayana Hervé,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maryvonne. Yaya sanyin Quimper, yaya kuma bayan naka da tsayuwa gaban tanda? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Nouméa lafiya lau, sai zafin Janairu na wannan tsibirin da ka sani. Maigidana Pascal ya warke har ya koma kamun kifinsa, 'yarmu Noélie kuwa ciki ya tsufa, muna ta addu'a Allah ya sauke ta lafiya.

Yaya, ɗanka Erwan ya zo, ya yi gasarsa ta wasan tanis, ya wuce Ostareliya. Na ga ya fi kyau in rubuto maka, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Ka ce in zaunar da shi a matsayina na gwaggonsa, in nuna masa shekara talatin ta ƙarato, ƙananan gasannin nan ba za su kai shi ko'ina ba, ya dawo ya karɓi gidan burodi. Na isar da saƙonka, amma bari in fara da abin da idona ya gani.

A gidanmu ya sauka, da jakar raket, abin buga ƙwallon, da ta kusa kai shi tsawo. Pascal na ganinsa ya fara tsiya, wai ashe haka 'yan wasan Faransa suke, kamar an shanya riga a kan sanda. Erwan ya rama, ya ce ai shi Kawu tumbinsa kaɗai ya isa ya tare raga. Shi yake wanke kayansa, shi yake ɗaure gwiwarsa, ba mai horarwa ba mai tausa. Duk da haka ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, kullum da waƙa yake fita atisaye.

Ya tsallake wasannin share fage, sai aka haɗa shi da wani dogon ɗan Ostareliya mai bugu kamar tsawa. Rana ta take, 'yan kallo ba su fi cikin mota guda ba, rabinsu ma dangin Pascal ne da suka zo daga tsibirin Lifou. Ɗanka ya sha kashi a zubin farko har na rufe fuska da hula. Sai ya daina gwada ƙarfi, ya dinga sauke ƙwallo dab da raga yana sa dogon nan gudu, har ya cinye shi. Pascal ya yi ihu sai da alƙalin wasa ya roƙe shi ya zauna. A zagaye na gaba aka fitar da shi. Na zaci zai shige ɗaki ya ƙi magana kamar yadda yake yi yana yaro, amma ya rungumi wanda ya ci shi, ya zo yana tambaya ko akwai sauran bougna, wadda surukata ta dafa da kaza da doya da madarar kwakwa.

Da yamma a bakin teku na faɗa masa saƙonka, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama. Ya ce ya daɗe da sanin ba zai taka babban filin Paris ba, kuma wannan ya daina ci masa rai. Yana son wasan ne, da tafiyar, da abokan da suke raba ɗaki ɗaya yau gobe su kara da juna. Ya ce gidan burodi ba abin kunya ba ne a wurinsa, ranar da gwiwa ta ce ta gaji zai dawo ya ɗaura gyauton aiki da farin ciki. Sai ya ƙara da cewa: "Gwaggo, abu ɗaya nake so. Tun da na fara faɗuwa Baba bai sake zuwa kallona ba. Ya zo ko sau ɗaya kafin in ajiye raket."

Na san ba ƙi kake yi ba, zuciyarka ce ba ta jure ganinsa a ƙasa. Amma gani ya kori ji, Yaya. Yaron da kake tausayi ba abin tausayi ba ne, mutum ne da ya san abin da yake so, kuma hankalinsa kwance yake. A watan Mayu zai buga wa ƙungiyar garinku. Ka bar wa Maryvonne tanda, ka sa hularka ka je ka zauna a gaba. In ya ci ka yi tafi. In an ci shi ka tsaya ka ga yadda yake miƙa hannu, a nan za ka san irin ɗan da ka haifa.

Ka gaida Maryvonne, da Inna Soizic, da Gwenaël da iyalinsa. Pascal da Noélie suna gaishe ku ƙwarai. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Solange