Tanderun Inna

Litinin, 6 ga Maris, 2006
Shago biyu na kayan babur a kasuwar Azare. Gidan bulo mai ɗaki shida. Hajji sau ɗaya. Burtsatsen da unguwa ke sha. Duk ni Uzairu na yi, da takardar sakandaren da ko ni ba na son dubawa. Ba kawu a gwamnati, ba ubangida. Na rubuta ne don in tuna ko ni wane ne, saboda yau kwana huɗu Inna ta ƙi cin abinci a gidana.

Tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye na ɗauko ta daga Katagum. Likita ya ce in ba ta ci ba, maganin ma aikin banza ne.

Alhamis, 9 ga Maris
Bara'atu ta yi tuwo, ta yi farfesu, ta dama kunun gyaɗa. Inna ta juya wa matata baya. Da la'asar ta motsa baki, sai da na kai kunne. "Gurasa." Na sayo ta kasuwa. Ta latsa da hannun hagu, ta shanshana, ta ture.

Asabar, 11 ga Maris
Na je Katagum wurin Gwaggo Jalo, ƙanwar mahaifina. Ko zama ban gama yi ba ta ce, "Irin ta tanderunta take so. Wanda ka sa aka fasa."

Shekara biyar ke nan. Lokacin da na shafe wa Inna tsakar gida da siminti na ce uwar Alhaji ba ta sayar da gurasa. Ranar aka fasa tanderun. Ita ta share gutsattsarin da kanta.

Na ce sai in sa a yi. Gwaggo ta ce, "Ka sa wa? Matarka cikin wata takwas, ni ido ya tafi. Wanda ya fasa shi zai gasa." Na ce ni namiji ne. Ta ce, "To je ka faɗa wa cikin uwarka."

Na sayi tanderu wurin masu tukwane, na sako shi a mota tare da Gwaggo.

Talata, 14 ga Maris
A bayan gida na girka shi, inda ba mai gani. Na tambayi Gwaggo ruwa kofi nawa. Dariya. Wai sai kwaɓin ya daina kama hannu. Wai a rufe a jira ya tashi. Ni ban saba jira ba. Na zuba kara, wuta na ci na manna guda takwas. Duka takwas suka zame cikin toka.

Ashe sai harshen wuta ya kwanta, bango ya yi fari, sannan a jiƙa hannu a manna.

Kunu cokali uku Inna ta sha yau.

Jumma'a, 17 ga Maris
Waje baƙi, ciki ɗanye.

Lahadi, 19 ga Maris
Ranar kasuwa, ban buɗe shago ba. Bunu mai walda ya biyo sahu ya same ni da gari har gira. "Alhaji, yaushe za a fara talla? A ajiye min biyu da ƙuli." Kafin magariba duk layinmu zai ji. Ya ji ɗin.

Bakin tanderu ya ƙona ni wuri uku a hannu, a jere. Ina shafa man shanu sai na tsaya. Inna na da irin wannan tabon, daga wuyan hannu har gwiwa, ɗaya kan ɗaya. Tun ina yaro nake ganinsa. Wallahi na ɗauka haka aka haife ta. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa tambaya ba.

Alhamis, 23 ga Maris
Ta ci! Rabi, a jiƙe da romo. Ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce, "Gishiri." Bai ji ba ke nan. Zan tashi ta kama hannuna na ƙuna, ta juya shi, ta duba, ta duba. Na so in ce ta yafe min. Abin da ya fito shi ne, "Gobe zan ƙara gishirin."

Talata, 28 ga Maris
Kwata. Jiya ma kwata. Hannunta ba nauyi.

Asabar, 1 ga Afrilu
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi, ina wanke hannu bayan kwaɓi, Bara'atu ta kira ni da sunana, abin da ba ta taɓa yi ba.

Mun dawo daga maƙabarta na tarar kwaɓin ya tashi har ya ture murfi. Bai taɓa tashi haka ba. Gwaggo ta ce, "Ba a zubar da abinci ranar mutuwa." Na hura wuta, masu ta'aziyya na leƙe. Goma sha huɗu, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Aka raba sadaka.

Litinin, 10 ga Afrilu
Mai fenti ya zo sabunta allon shago. Ya ce a mayar da na da, Alhaji Uzairu da 'Ya'yansa? Na ce ya rubuta Alhaji Uzairu Ɗan Mai Gurasa. Ya riƙe buroshi yana kallona, don ya sani, tare muka yi aji, na taɓa fasa masa baki a kan wannan sunan.

Na ce masa don ciniki ne, mutane sun fi riƙe irinsa.

Ya ce wurin ba zai ɗauka ba sai an cire Alhajin. Na ce cire. Ka rubuta da manyan baƙi, yadda na kan babur ma zai karanta.