Shagon Turare Ya Rufe, Talla Tana Tafiya

Ƙanena Nura,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya zaman ƙasar mutane? Ina fatan sanyin bai dame ka ba. Mu nan Ƙofar Ran lafiya lau, Inna ma jiki da sauƙi.

Shafin sayar da turaren wuta da ka buɗe mini ne ya yi mini tsiya. Da Salla ta matso, na biya kuɗin talla a intanet yadda ka koya mini, na cika kwalabe, na zauna jiran masu saye. Shiru. Ashe na'urar kamfanin da ke riƙe mana shafin ce ta tsaya, talla kuwa tana ta tafiya. Duk wanda ya danna sai a cire mini kuɗi, shi kuma ya tarar da farin allo.

Ban sani ba, don ban saba dubawa ba. Lokacin da kake gida, kai ne kullum bayan sallar asuba kake dubawa, ka leƙo ka ce, "Yaya, shagonki a buɗe yake." Sai da wata mata ta yi takakkiya daga Tirwun ta ce, "Hajiya, kun daina sana'ar ne?"

Kuɗin sun tafi, Allah ya mayar da alheri. Ba su suka tsaya mini a rai ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da abokan zamanka. Shafin ya dawo. Yanzu ni ke dubawa da asuba, sai dai in na gan shi a buɗe, ba wanda zan gaya wa.

Yayarka,
Hajara