Sandar Malam Isuhu

Ɗiyata Ladi,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina lahiyarki, ina maigidan, ina jikokina? Yaya zahin Yamai?

Kin san maƙwabcina makaho, Malam Isuhu, da nake ja wa sanda zuwa masallaci kowace Juma'a, in jira shi gindin iccen bedi. Mutanen Dogarawa har cewa suke ni ne Kiristan da bai taɓa makarar salla ba. To, ɗansa ya tahi da shi birnin Tawa, ya zauna wurinsa. Da Malam Isuhu zai shiga mota ya ce, "Bulus, ka huta."

Ga hutun: Juma'ar nan na sa riga, na tsaya bakin zaurensa, shiru. Ashe shi ke jana.

Ki roƙa mini Ubangiji ya ba ni wani mai bukatata. Gaida yara.

Babanki,
Bulus