Sunayen da Baba Ya Rubuta a Jikin Ambulan

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Mama, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi.

Baba, nemi wuri ka zauna! Saɓar macizan nan masu dafi da ake kira kirait guda arba'in da ka tara a ambulan lokacin kana aikin tatsar dafi, na gama auna ƙwayoyin gadonsu. Na'ura ta zana bishiyar danginsu, sai ga ta ta rabu reshe biyu tsaf. A ido duk ɗaya suke, baƙi mai zoben fari, amma kakanninsu sun daɗe da rabuwa. Abin da ka yi ta faɗa ke nan ana maka dariya: na tsallaken kogi daban, na wannan gefen daban, shi ya sa maganin dafinku bai yi wa mutanen tsallake aiki ba. Ba kai ka ɓata aiki ba kamar yadda suka ce.

Sai dai Farfesa ya ce ba za a buga binciken ba sai an san inda aka kama kowane maciji. Ambulan ɗinka kuwa babu sunan wuri ko ɗaya, sai laƙabin da ka ba kowane maciji. Reshen farko Dogo, Mai Barci, Ɗan Lele. Na biyu Mai Tsaki, Sarkin Ƙorafi, Ba-Dariya. Sauran suna bayan takardar nan. Ina rajistarka ta wuraren kamu? Ashirin ga wata za a rufe karɓar takardun bincike.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na ga saƙonki, na kuma gode wa Allah.

Rajista dai gara ta cinye ta tun kina rarrafe. Sunayen kuwa shirme ne na ƙuruciya. Ki bar maganar haka, ni da ke mun san gaskiya, ya wadatar. Kuma don Allah kada ki ƙara rubuto sunayen nan a takardar da za ta shigo gidan nan.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

Auta,

Ya aiki, ya gajiya? Babanki na can bakin ƙofa yana ta gyaran rediyon da ba abin da ya same ta.

Na zo wanki na tsinci wasiƙarki a aljihunsa, an yi mata ninki takwas. Ina karantawa na ce kai! Mai Tsaki ai yayata ce, haka ake kiranta a gidanmu tun muna yara. Sarkin Ƙorafi kawuna ne. Ba-Dariya kuwa, Auta, mahaifina ne, kakanki, Allah ya jiƙansa! Ni 'yar tsallake ce, kin sani. Ashe duk macijin da aka kamo daga can sai bawan Allahn nan ya laƙaba masa sunan wani a dangina, na nan gefen kuma ya ba su na danginsa. Kuma ki lura, nasa duk masu daɗin ji ne!

Na tsare shi. Ya yi ta rantse-rantse wai don kada ya rikice ne. Na so in yi fushi, dariya ta ci ƙarfina har na zauna a ƙasa. A ce mutum ya yarda ya mutu da sunan wanda ya ɓata aiki, don kawai kada matarsa ta ji ya kira surukinsa maciji! Daga baya kuma tausayinsa ya kama ni, wallahi.

Ga inda abin ya yi kyau: kowane maciji sunan wanda gidansa ya fi kusa da wurin kamun ya ba shi. Na sa shi a gaba mun bi arba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa ina gyara masa. Ga su nan, kowanne da ƙauyensa da gonarsa.

Ki ci abinci, kin ji ko?
Mamanki

Baba da Mama,

Ina gaishe ku. An karɓa! Na jera wuraren a taswira, duk arba'in suka faɗa daidai, babu wanda ya tsallake kogi. Farfesa ya ce sunan Baba ne zai zo farko a takardar. Kuma za a fara haɗa magani na biyu da dafin na tsallake, ana neman wanda zai koya wa ma'aikata riƙe su, don sun fi na nan zillewa.

Mama, kwantar da hankalinki, a takardar na mayar da mai sunan Kaka lamba goma sha bakwai.

Taku,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Mamanki ta karanta mini wasiƙarki sau uku, a na ukun na kasa riƙe hawaye. Shekara talatin ina kwana ina tashi da mutanen tsallaken nan da maganinmu bai cece su ba, ina cewa ko dai ni ne.

Ki gaya wa Farfesa ya daina neman kowa. Hannuna bai fara rawa ba tukuna. Ina nan tafe ranar Litinin.

Mahaifinki