Awa Talatin Da Biyu

Abeche, Litinin.
Aikin farko: duba man jirgi, ƙarfe shida.

Zuwa ga Zenaba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Hissein da Inna. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Kin tambaye ni zancen kujerar kyaftin ɗin jirgin sama da aka buɗe a Njamaina, wadda za ta dawo da ni gida. Ranar Juma'a ake rufe karɓar takardu, kuma sai wanda ya cika awa dubu ɗaya da ɗari biyar a littafinsa na tuƙi. Na tara nawa sau uku. Saura awa talatin da biyu, kuma doka ba ta yarda in yi su cikin kwana huɗu ba. Ki yi haƙuri sai baɗi. Kada ki damu da ni. Kai magani ƙauyuka aiki ne da nake jin daɗinsa, abokan aiki kuma mutanen kirki ne.

Naki,
Djibrine.

Abeche, Laraba.

Zuwa ga Zenaba,

Gaisuwa irin ta kullum, da fatan kowa lafiya. Abin da zan gaya miki akwai kunya a ciki, amma ki karanta har ƙarshe.

Jiya mun sauka Goz Beida ni da Kyaftin Nodjimadji, wanda nake yi wa mataimaki. Muna shan shayi a inuwar fiffike, kowa na cika littafinsa, sai ya leƙo nawa. Shi ya rubuta minti hamsin da takwas, ni arba'in da tara. Ya ce, "Kai bakanike, ba jirgi ɗaya muka hau ba? Ko naka ya riga nawa isowa?"

Kin san shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran jirgi kafin in koyi tuƙi. Bakanike yana ƙirga lokaci ne daga sa'ad da taya ta bar ƙasa zuwa sa'ad da ta taɓa ta. Matuƙi kuwa daga motsin farko na jirgi har ya tsaya cak, da duk tafiyar da ya yi a ƙasa. An koya mana wannan a makaranta, na sani sarai. Hannuna ne ya ci gaba da tsohuwar al'ada, shekara shida cur.

Kyaftin ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Na ce a bar shi haka, ai ragi na yi, ba ƙari ba. Ya ce, "Tsoho, littafin nan abin da ya faru ake so a ciki, ba tawali'unka ba. Tashi mu je ofis."

Ba a goge littafin matuƙi. An fito mini da takardun tafiye-tafiyenmu, masu ɗauke da lokutan biyu. Kowane kuskure in ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, in rubuta daidai a gefe, Kyaftin ya sa hannu. Minti takwas nan, minti goma can. Yau bayan la'asar, a shafi na ashirin da bakwai, na haura dubu ɗaya da ɗari biyar da minti arba'in. Na ajiye biro.

Akwai jarrabawa a gaba, don haka kada ki gaya wa kowa tukuna. Inna kaɗai, ita ma a hankali.

Ki gaida kowa. Mijinki,
Djibrine.

Na gobe:
Shafi na ashirin da takwas zuwa ƙarshe.
Sa hannun Kyaftin. Ya ce yatsunsa sun gaji, a kai masa gasasshen nama.
Hoto biyu, da takardar likita.
Gaya wa mai gidan haya wataƙila zan tashi. Wannan sai bayan na sake tara awannin sau ɗaya.