Fitilar da Ta Shigar da Ni Darnin Surukai

Kawu Dikko, ka taimake ni don girman Allah, kafin in zama abin hira a kasuwanni uku.

In fara da na daɗin. Matata Salima ta sauka lafiya, an samu ƴa mace, ta fari. Kawu, in ka ga hancin yarinyar nan sai ka ce da alƙalami aka ja shi. Dangina sun ce namu ne, dangin uwar sun ce ƙarya ne, ni dai na kame bakina tunda ba a yabon ɗan fari a gaban mutane. Salima da jaririyar suna gidan iyayenta tana wankan jego, wani ƙauye arewa da Gazawa, hanyar duk rairayi da ramuka.

Ni dillalin aya ne da wake, yau Cadawa, gobe Agiye, jibi Gazawa. Sai an tashi kasuwa nake samun leƙa su, kafin in kai magariba ta wuce. Fitilar baburina kuwa, aci-balbal ta fi ta kuzari. Shi ne abokina Sabi'u, direban motar haya a layin Gidan Rumji, ya ba ni ƙwan fitilar mota mai wat ɗari, ya ce barkarsa ke nan. Gindin ƙwan ya ƙi shiga, muka lanƙwasa nan, muka matsa can, har ya zauna. Da na kunna a ƙofar gida, wallahi kajin maƙwabta suka fara saukowa, sun zaci gari ya waye. Na ji daɗi har na ƙara ƴan fitilu masu launi a baya, ga cajar waya dama tana nan.

Daga nan fizibil ya fara ƙonewa, abin nan da ƴan ƙetaren iyaka ke ce wa fiyus. In sa sabo, ya ƙone. Wani lokaci in yi nisa lafiya, da na danna oda sai ɗif. Wani lokaci rami kawai zan faɗa, ya mutu.

Ranar da ta fi muni, ina shiga ƙauyen da cikakken haske, jaki ya gitta, na danna oda, duniya ta yi duhu. Ban tsaya ko'ina ba sai cikin darnin gidan surukaina, daidai inda surukata ke dafa ruwan wanka. Matar da ko ido ba mu taɓa haɗawa ba, ga ni kwance gabanta da karan dawa a hula. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ni kuma daga kwancen na soma gaisuwa, tana amsawa kamar ta ƙofa na shigo. Salima na ɗaki tana dariya har da tari.

Washegari aka aiko mini ta bakin gwaggon Salima: an kusa gama wanka, amma ba ƴarsu ba jikarsu a kan wannan babur, kuma ba inda za su koma sai an ga ya shiryu. Kawu, ɗakina ya yi mini faɗi, na gaji da garau-garau na tasha.

Sabi'u ya ce in naɗe fizibil ɗin da takardar nan mai ƙyalli ta kwalin sigari, ba zai sake mutuwa ba. Ɗanasabe makanike ya ce in sa mai lamba babba. Maƙwabcina na rumfa ya rantse bakin mutane ne, haske ya yi yawa an sa mini ido. In kuma na maida tsohon ƙwan, bayan cika bakin da na yi, ƴan kasuwa sai sun cinye ni ɗanye. Wanne zan bi?

Angon Ƙarni, daga Cadawa

AMSA

Angon Ƙarni, barka da arziki, Allah Ya raya, Ya sa mahaddaciya ce. Maganar hanci kuwa ba ni ciki.

Ba ka yi laifi ba da ka nemi haske. Wanda ya taɓa bin rairayin arewa da Gazawa bayan magariba ya san fitila mai kyau ba ado ba ce. Amma surukarka ma tana da gaskiya, kuma tata ta fi taka nauyi, don jaririya za a ɗora.

Babu mai baki a kanka. Ƙwan da aka yi babur irin naka da shi bai cika wuce wat talatin da biyar ba. Ka ɗora masa ɗari, ka ƙara fitilun ado da caja, oda kuma ta zo ta cike mudu. Fizibil ba ya ƙonewa don mugunta. An yi shi ne ya mutu shi kaɗai, wayoyi su tsira. In ka naɗe shi da takardar sigari, ko ka sa wanda ya fi lambar da aka rubuta, zafin zai koma cikin wayoyi, wayoyin kuma ƙarƙashin tankin mai suke bi. Sabi'u mutumin kirki ne, ka karɓi barkarsa, ka bar masa shawararsa.

Ina zaton cuta biyu gare ka. Mutuwa in ka danna oda, nauyi ne ya yi yawa. Mutuwa in ka faɗa rami, waya ce ta saɓule tana taɓa ƙarfe, kuma zan fara nemanta a inda kuka lanƙwasa. Ka sa Ɗanasabe ya buɗe kan fitilar kana tsaye. A duba waya mai ƙuna ko mazaunin ƙwai da ya narke, a canza, a naɗe. A cire ƙwan motar da fitilun ado, a sa fizibil mai lambarsa ta asali, a kunna, a jijjiga wayoyin, a danna oda. In ya tsaya, sai ka maida kayan ɗaya bayan ɗaya, ban da ƙwan motar, wanda ya kashe shi ka san shi.

Haske kuwa ba sai ka rasa shi ba. Akwai ƙwan LED na babur, yana haskawa fes ba ya cin wuta. Ka sayi wanda gindinsa ya shiga da kansa, ka sunkuyar da shi kada ka makantar da masu amalanke. Ƴan kasuwa in sun tambaya, ka ce na zamani ka koma, ba ƙarya ka yi ba.

Sannan ka sayi goro da turmin atamfa, ka kai ta hannun gwaggo, ka gyara darnin da hannunka. Ka yi ta zuwa lafiya kana komawa lafiya har tsohuwa ta gani da idonta, kada ka roƙa. Ranar ɗauko su ka yafe kasuwa, ka zo da hantsi, ka tafi a hankali.

Allah Ya maido maka da su ɗakinka lafiya, Ya sa ka ga auren ƴarka.

Kawu Dikko