Tuwon Baƙuwar Kance

Yaya Hajiya Mariya,

Bayan sallama, ina gaishe ki da Alhaji da yara. Yaya ciwon ƙafarki, yaya zaman Kano? Mu nan har yau ruwa bai sauka ba, sai godiya.

Yaya, na yi laifi, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Da jarrabawar satifika ta gama firamare ta zo, aka rarraba 'yan lakwal, wato ɗaliban Kance da suka zo garinmu rubuta ta, gida-gida, aka kawo mini wata Zule. 'Yan makarantarsu ne suka yi wa 'yata Hadiza waƙar "bebiya" ranar gasar makarantu, har ta daina ɗaga kai gaban mutane. Na riƙe abin a zuciya. Sai na tuƙa wa Hadiza ragowar geronmu, na zuba wa baƙuwa jar dawar agaji da sojoji ke rabawa, a kwano dabam.

Hadiza ta dubi kwanukan, ta juye su wuri ɗaya. Ta ce da murya sarai, "Inna, Zule ta roƙe ni gafara, ita ke yi mini bitar lissafi. Tare za mu ci."

Zule ta ce, "Wallahi Inna, bebiyar nan tun safe ba ta bar ni na yi magana ba!"

Suka yi dariya, ni na kasa haɗa ido da su.

Ki gaishe da Gwaggo, ki sa ni a addu'a. Shekarar ƙyanda, da Allah ya bar mini Hadiza, na yi masa alkawari ba zan bambanta kwanon baƙo da nata ba. Ban cika ba.

Ƙanwarki,
Sa'adatu